Yadda Ake Fito da Iyakokin Ƙwayoyin Ƙarfe Don Gane Dattin da Ya Taru a Cikinsu

Duk mai aikin ƙarfe a Zariya, daga maƙerin cikin birni har mai walda a Sabon Gari, ya san wannan matsala: rodi biyu, kauri ɗaya, shago ɗaya, ka lanƙwasa na farko ya bi hannu, na biyun kana matsa masa ya ce ɓas. Sai a ce ƙarfen ba shi da kyau, a wuce. Sau da yawa dalilin yana ɓoye ne a wani siririn wuri da ido ba ya gani, wato iyakar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarfen. Wannan bayani na ɗalibin da zai fara shiga ɗakin gwaji ne, ko a sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko a Kwalejin Nuhu Bamalli, da kuma mai sana'ar da yake son ya gani da idonsa.

Kayan da za ka tanada

- Zarton ƙarfe mai sabon baki, bayis, da magagari.
- Sanfefa mai jure ruwa, lamba 120, 240, 400, 600, 800 da 1200. Masu sayar da kayan fentin mota suna da ita. Wadda kafinta ke goge katako da ita ba za ta yi ba.
- Gilashi mai kauri kuma shimfiɗaɗɗe, wanda za ka ɗora sanfefar a kai.
- Guntun bututun roba na ruwa mai faɗin milimita 25, basilin, da gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda yake daɗewa kafin ya daskare.
- Ƙyallen gugar sheƙi, da garin alumina mai girman maikiron 1 da 0.3 (maikiron 1,000 ne milimita 1), ko man daimon mai maikiron 6 da 1.
- Sifirit fari tas, wato itanol na ɗakin gwaji, da auduga, da ruwa mai tsabta.
- Asid ɗin naitirik, asid ɗin okzalik, da ferik kulorayid idan akwai tagulla a cikin aikin.
- Tabarau na kariya, safar hannu ta roba, da hantsaki na riƙe samfuri.
- Maikiroskof na ƙarafa, wanda haskensa ke saukowa ta sama, mai ƙara girma daga ninki 100 zuwa 500.
- Draya ta gashi, maganaɗisu, da littafin rubutu.

Maganar maikiroskof tana rikita masu farawa. Na ɗakin nazarin halittu yana turo haske ne daga ƙasa, ƙarfe kuwa haske ba ya ratsa shi, don haka duhu kawai za ka gani. Idan shi kaɗai gare ka, haska fuskar samfurin da ƙaramar tocila daga gefe, ka tsaya a gilashin maikiroskof mai ƙaramin ninki. Hoton zai juye: ƙwayoyi su yi duhu, iyakoki su yi haske. Za a iya maneji da shi, amma ba za ka bambance launukan datti ba.

1. Ka san abin da kake nema, ka zaɓi samfuri biyu

Lokacin da narkakken ƙarfe ke daskarewa, yana farawa ne daga wurare masu yawa lokaci guda. Kowane wuri yana jera atam-atam ɗinsa ta fuskar da ya fara, yana girma har ya yi karo da maƙwabcinsa. Kowane yanki ƙwaya ce, mahaɗarsu kuma ita ce iyaka. Kaurin iyakar bai wuce na atam biyu ko uku ba, kuma jerin da ke cikinta a hargitse yake, akwai wurin da ya matse, akwai wurin da ya yi sako-sako. Baren atam da bai dace da jerin cikin ƙwaya ba, don ya fi girma ko ya fi ƙanƙanta, ya fi samun wurin zama a nan. Kamar manomi ne da duwatsun gonarsa: duk wanda ya tono, kan iyaka yake jefa shi.

Da zarar ƙarfe ya yi zafin da atam ke iya motsawa, sai dattin ya kama hanyar iyaka. Donald McLean ya tsara lissafin wannan taruwa a 1957, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sinadarin da ƙarfe ya fi ƙin narkar da shi a cikinsa, shi ya fi cunkushewa a iyaka, ninki ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a kan abin da ke cikin ƙwaya. Shi ya sa takardar gwajin sinadarai za ta iya nuna fosforos kashi 0.03 cikin 100, a ce lafiya lau, alhali iyakokin sun cika da shi. Matsakaici ta auna, ƙarfe kuwa ba a matsakaici yake karyewa ba.

Dattin yana zuwa da sura uku. Ko dai ya shimfiɗu siriri, kaurin atam ɗaya ko ƙasa da haka, ya raunana riƙon da ke tsakanin ƙwayoyi biyu. Ko ya haɗu da wani sinadari su zama tsakuwoyi jere a kan iyaka. Ko ya zama fata mai saurin narkewa da ke lulluɓe ƙwayar. Sura ta biyu da ta uku za ka gan su da maikiroskof. Ta farko sai dai ka bi sawunta.

Don haka kada ka zo da samfuri ɗaya. Ka yanko ɗaya kusa da inda ƙarfen ya karye ko ya tsage, ɗaya kuma daga wuri mai lafiya, ko daga irin ƙarfen da bai ba da matsala ba. Wanda ya kalli samfuri ɗaya tilo, duk abin da ya gani zai ɗauka cuta ce. Idan rodi ne ko falle, ka yi yanka biyu: ɗaya a gicciye, ɗaya a tsawon ƙarfen.

2. Yanka

Girman santimita 1 zuwa 2 ya isa. Ka matse a bayis, ka yi ta ja da zarto a hankali kana ɗiga ruwa. Kada ka kuskura ka yanka da wutar gas, ko ka kai wa mai giranda ya datse shi a bushe. Idan bakin yankan ya yi shuɗi, zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyos, kuma abin da za ka gani aikin yankanka ne. Ƙarfen da ya fi ƙarfin zarto, irin sifirin na mota ko tsohon magagari, a yanka shi da siririn faifai ana kwarara ruwa, ana hutawa, sannan a gurje aƙalla milimita 1 daga fuskar.

Fuskar da ta karye kada ka taɓa ta, kada kuma ka haɗa ɓangarorin biyu don ka ga ko sun dace. Gogayyar tana share shaida. Naɗe ta a takarda ka ajiye.

3. Dasa samfurin a roba

Shafa basilin a gilashi da cikin zoben bututun da ka yanko. Wanke samfurin da sifirit, ka kifa fuskar da kake so a kan gilashin, ka ɗora zoben, ka dama gam a hankali don kada ya yi kumfa, ka zuba. Bar shi ya kwana. Da ya daskare, ka karce lamba a bayansa nan take, domin bayan guga duk samfura kama ɗaya suke yi.

Idan akwai injin dasawa mai zafi a ɗakin gwajinku, yi amfani da shi, sai dai ban da ƙarfen da ke da dalma ko kuza da yawa, domin zafinsa yana kai digiri 150 zuwa 180. Samfurin da za a yi wa gwajin lantarki na mataki na 9 kuwa, a naɗa masa wayar jan ƙarfe a baya kafin a zuba gam, a bar jelarta a waje.

4. Gurzawa

Ɗora sanfefa 120 a kan gilashi, jiƙa ta, ka riƙa tura samfurin gaba a layi ɗaya, kana ɗagawa in za ka dawo. Matsi daidai, ba da ƙarfi ba. Ka ci gaba har duk layukan zarto su ɓace, ya rage layukan sanfefa masu fuskantar gefe ɗaya. Wanke samfurin, wanke hannunka, juya shi rubu'in zagaye, wato digiri 90, ka koma lamba 240. Juyawar ce za ta nuna maka lokacin da tsofaffin layuka suka ƙare. In sun ƙare, ƙara ɗan lokaci, domin a ƙarƙashin kowane karce akwai naman ƙarfen da ya murɗe, shi ma sai an cire shi.

Haka za ka bi har 1200, ba tsallake. Gaggawar tsallake lamba ita ce ta fi ɓata wa ɗalibai rana: karcen 240 ba ya fita da 800 ko da za ka wuni. Idan fuskar ta fara yin kusurwa biyu ko uku, hannunka yana rawa, ka riƙe samfurin ƙasa-ƙasa, kusa da sanfefar.

Alminiyam da tagulla mai dalma suna da laushi, yashin sanfefa yana nutsewa a cikinsu ya fito kamar datti. Goga kyandir a kan sanfefar kafin ka fara, ko ka ɗiga kananzir maimakon ruwa.

5. Gugar sheƙi

Idan akwai faifai mai juyawa, jiƙa ƙyallen, zuba alumina mai maikiron 1 da aka dama da ruwa, ka riƙa zagaya samfurin saɓanin juyawar faifan. Daga nan ka sauya ƙyalle, ka koma 0.3. Kowane gari da ƙyallensa. In an ɗauke wuta ko babu faifan, shimfiɗa ƙyallen a kan gilashi ka riƙa zana lamba 8 da hannu. Yana cin lokaci, amma yana yi. In babu alumina, man goge ƙarfe irin Autosol a kan yadi mai laushi zai kai ka wani wuri, muddin ka wanke maiƙonsa sosai da sabulu da sifirit.

Yanayin garinmu yana da nasa sharaɗi. Da hunturu, ƙura ɗaya tak a kan ƙyalle ta isa ta mayar da kai lamba 600, don haka rufe taga, rufe faifai in ka tashi. Da damina kuwa baƙin ƙarfen da aka goge yana fara tsatsa kafin ka gama wanke hannu. Da ka gama, wanke da ruwa, kwarara sifirit, busar da draya kana karkata samfurin. Ba a share shi da tsumma, ba a hura masa baki, ba a ɗora yatsa. Ajiya kuma a kwalba mai murfi, tare da 'yan ƙunshin shan danshi da ake samu a kwalin magani ko na takalmi.

6. Duba kafin ka sa asid

Wannan matakin mutane da yawa suke tsallakewa don ɗokin ganin ƙwayoyi, kuma nan ne farar wuta take bayyana kanta. Manna samfurin a kan ɗan gilashi da laka mai laushi, ka danna har fuskar ta daidaita, ka fara da ninki 100. Fili fari za ka gani, da 'yan ɗigo-ɗigo. Tafi ninki 400 ko 500 ka kalli launinsu da siffarsu.

A yankan tsawo na rodi ko falle, za ka ga wasu siraran abubuwa masu launin toka mai haske, sun miƙe ta inda aka murza ƙarfen. Wannan haɗin manganis ne da farar wuta, kuma ganinsa alheri ne. Ga dalili. Idan farar wuta ba ta sami manganis ba, da baƙin ƙarfen kansa take haɗuwa, kuma cakuɗar da suke yi tana narkewa a digiri 988. Ita ce ta ƙarshen daskarewa, don haka a iyaka take maƙalewa, ta zagaye ƙwayoyi. Maƙeri ya sa ƙarfen a wuta ya kai digiri 1,100 ko fiye, ƙwayoyin suna nan da taurinsu amma abin da ya haɗa su ya zama ruwa, masaba ɗaya sai ya dare. Haɗin manganis kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 1,600 yake narkewa, don haka yana zama ɗigo-ɗigo a warwatse, ya bar iyaka ta huta. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk ƙarfen gini yake ɗauke da manganis, kuma ƙa'idojin rodi suke tsayar da farar wuta da fosforos a wajen kashi 0.05 cikin 100 kowanne.

To idan ka ga abin ya yi rawaya-rawaya mai duhu, kuma maimakon ɗigo ya ja layi mai lanƙwasa yana ƙoƙarin kewaye fili, ka ɗauki hoto ka yi alama. Wannan shi ne mugun.

Hattara da abu biyu da ke kwaikwayon datti. Rami mai baƙi ƙirin mai jela a gefe ɗaya, dattin da guga ta tumɓuke ne, ka rage matsi ka sake. Ɗigo mai zagayen ja ko ruwan ƙasa kuma tsatsa ce ko tabon ruwa.

Akwai tsohuwar dabara ta Baumann, tun 1906, ga wanda ya sami takardar wanke hoton baƙi da fari. A jiƙa ta a asid ɗin salfurik mai kashi 2 cikin 100, a manna a fuskar ƙarfen da aka gurza na kamar minti 2, a ɗaga, a wanke, a tsoma a ruwan da masu hoto ke kafe hoto da shi. Duk inda farar wuta take, tabo mai ruwan ƙasa zai fito. Takardar ta yi wuya yanzu, amma in ka dace da ita, tana nuna maka faɗin ƙarfen gaba ɗaya ba tare da maikiroskof ba.

7. Sa asid

Haɗin asid na baƙin ƙarfe shi ne naital: mililita 2 na asid ɗin naitirik a cikin mililita 98 na itanol. Sifirit ake fara zubawa, sannan a ɗiga asid a kansa, ba a juya wannan tsari. Haɗa kaɗan, na ranar. Kada ƙarfinsa ya wuce kashi 5, kada a toshe shi a kwalba a ajiye, kada a kusantar da shi wuta, kuma kada a haɗa shi da sifirit ɗin aisofurofil da ake goge allon waya da shi. Tabarau a ido, taga a buɗe.

Riƙe samfurin da hantsaki, fuska sama, ka tsoma ko ka shafa da auduga. Idonka a kan fuskar, ba a kan agogo ba: da sheƙin ya dusashe ya koma hazo-hazo, yawanci cikin daƙiƙa 5 zuwa 15, cire shi ka sa a ruwa, sai sifirit, sai draya. Gara ya gaza ka ƙara, da ya wuce. In ya yi baƙi, sai ka koma gugar sheƙi.

Asid ya fi cin iyaka saboda atam ɗin wurin ba su da riƙo sosai. Sai ta zama ɗan kwari, hasken da ya faɗa ciki ya watse, ka gan ta baƙin layi. Da wannan hanya Henry Sorby ya fara ganin cikin ƙarfe a Shefild ta Ingila a 1863, kuma har yau ita ce.

8. Karanta iyakokin

Fara da lafiyayyen samfurin. A rodi mai ƙarancin kabon, fararen ƙwayoyi za ka gani da siraran iyakoki masu kauri ɗaya, da tsibirai masu duhu jefi-jefi. Ka daɗe a kansa har idonka ya saba. Sannan ka sa na biyun, a ninki ɗaya, da haske ɗaya.

Farar raga da ta kewaye ƙwayoyi masu duhu a ƙarfe mai yawan kabon, sama da kashi 0.8, simintait ce, wato haɗin baƙin ƙarfe da kabon, mai tauri da gautsi. Za ka iya ƙirƙirarta don koyo: gasa guntun tsohon magagari zuwa wajen digiri 950, ka binne shi a toka mai zafi ya huce a hankali.

Iyakoki masu kauri, baƙaƙe, da ramuka, a ƙwayoyi manya-manya, alamar ƙonewa ce. Maƙera sun san ta: ƙarfen da aka bari a wuta har ya fara tartsatsi, iyakokinsa sun narke, iska ta shiga. Wannan ba ya gyaruwa.

Ƙananan tsagogi da suka shigo daga fatar rodi suna bin iyaka, wani lokaci da ɗan ja-ja a cikinsu, aikin jan ƙarfe ne. Rodin da aka narka daga kayan gwangwan yakan kwaso wayoyin jan ƙarfe da kuza, kuma narkawa ba ta fitar da su. A tanderun murzawa, baƙin ƙarfen fata yana ƙonewa ya zama ɓawo, jan ƙarfe ya rage a ƙarƙashinsa, ya narke a digiri 1,085, ya kutsa iyakoki. Kuza tana ƙara ta'azzara abin.

Fosforos shi ne mai wuyar sha'ani. Shi da antimoni da kuza da asenik suna tafiya iyaka idan ƙarfe mai nikel ko kuromiyam ya daɗe tsakanin digiri 375 da 575, ko ya huce a hankali ta wannan tsakani. Naital ba zai nuna maka komai ba, taurin ƙarfen ma bai sauya ba, amma bugu ɗaya zai karya shi. Irin wannan gautsi yana cikin abin da ya tarwatsa faifan injin tururi a tashar lantarki ta Hinkley Point a Ingila a 1969. Littattafai za su ce ka yi amfani da asid ɗin fikirik don fito da waɗannan iyakoki. Ni ba na ba mai farawa wannan shawara, domin in ya bushe fashewa yake yi. Ka bar shi ga ma'aikacin ɗakin gwaji, kai ka bi sawun ta hanyar karyawa. Abin daɗi shi ne wannan gautsin yana warwarewa: a mai da ƙarfen sama da digiri 600, a sanyaya shi da sauri.

Kada kuma ka ɗauka duk baƙon da ya sauka a iyaka maƙiyi ne. Kabon kaɗan yana ƙarfafa iyakar baƙin ƙarfe, har yana ture fosforos daga wurin. A 1979 Aoki da Izumi a Jafan suka nuna cewa ɗan boron yana mai da haɗin nikel da alminiyam mai gautsi ya zama mai lanƙwasuwa.

9. Gwajin ƙarfen da ba ya tsatsa

In ana son ɗalibi ya yarda da duk wannan bayani a wuni ɗaya, wannan gwajin nake sa shi. Nemi fallen ƙarfe mai lamba 304, irin na tankunan abinci. Maganaɗisu ba ya kama shi sosai, amma akwai masu arha da su ma ba ya kamawa, don haka ka nemi mai hatimin lamba a jiki. Yanka gida biyu. Ajiye ɗaya. Ɗayan ka sa a tanderu a digiri 675 na awa 1, ya huce a iska. In babu tanderu, sa mai walda ya ja layi mai kauri a kan fallen, ka yanko a gicciye har da ƙarfen da ke gefen waldar.

Shirya su duka har sheƙi. Narka giram 10 na asid ɗin okzalik a mililita 90 na ruwa. Haɗa wayar samfurin da bakin fositif na na'urar wutar batir, ka haɗa cokalin ƙarfe marar tsatsa da bakin negetif, ka tsoma su suna fuskantar juna ba tare da sun taɓa ba. Ƙa'idar wannan gwaji, ASTM A262, ta ce amfiya 1 ga kowane murabba'in santimita, na daƙiƙa 90. Don haka auna faɗin fuskar tukuna, ka rufe sauran da gam ko salatif. In babu na'urar, batir mai bolt 6 da mitar auna amfiya a layi zai yi. Kada ruwan ya yi zafi.

Samfurin da ba a gasa ba zai nuna matakala: wata ƙwaya ta ɗan fi wata tudu, iyaka siririya, tsaf. Wanda aka gasa kuwa, iyakokinsa sun zama kwatoci baƙaƙe, wasu ƙwayoyin an kewaye su ɗungurungum. Abin da ya faru shi ne, tsakanin wajen digiri 450 da 850, kabon yana rugawa iyaka ya kama kuromiyam su zama tsakuwoyin kabayid. Kuromiyam ba ya saurin tafiya, don haka gefen iyakar yana tsiyacewa, ya faɗi ƙasa da kusan kashi 12 da ake bukata don kare tsatsa. Ƙarfe ɗaya ne, sinadarai ɗaya, awo ɗaya a takarda. Wurin zaman kabon kawai ya sauya.

A samfurin walda, kwatocin ba a cikin waldar suke ba, suna ɗan nesa da ita, a layi biyu hagu da dama, inda zafi ya tsaya a wancan tsakani. Nan ne tanki yake fara yoyo. Maganinsa lamba 304L, mai kabon da bai wuce kashi 0.03 ba, ko 321 mai taitaniyam, ko 347 mai nayobiyam, waɗanda ke riga kuromiyam kama kabon. Wanda ya riga ya lalace a gasa shi a wajen digiri 1,050 a tsoma a ruwa. Ka lura cewa ƙa'idar ta amince a karɓi ƙarfe in an ga matakala, amma ganin kwata kaɗai bai isa a yi watsi da shi ba, sai an ƙara wani gwajin.

Ruwan da ya rage yana ɗauke da kuromiyam. Tara shi a jarka mai alama, kada ya shiga kwata.

10. Tagulla da alminiyam

Haɗin asid na tagulla da jan ƙarfe: giram 5 na ferik kulorayid, mililita 10 na asid ɗin haidurokulorik, ruwa mililita 100, shafawa ta 'yan daƙiƙu. Dalma ba ta narkewa a cikin jan ƙarfe, ɗigo-ɗigo masu duhu take zama, galibi a iyaka, kuma tun digiri 327 take zama ruwa. Bismut ya fi ta sharri: ɗan mitsitsi ya isa, kuma manyan na'urori sun nuna yana mai da iyakar jan ƙarfe mai santsi ta koma mai ƙananan fuskoki kamar haƙoran zarto.

Ga masu zubin tukunyar alminiyam, narka giram 1 na sodar yin sabulu a mililita 100 na ruwa ka shafa. Ka guji duk haɗin da ke da asid ɗin haidurofulorik. Dogayen allurai masu launin toka a tsakanin ƙwayoyi, haɗin baƙin ƙarfe ne da silikon da alminiyam. Daga ƙusoshi da zobban da ba a tsince ba suke zuwa, da kuma tukunyar narkawar in ta baƙin ƙarfe ce. Ka bi tarkacen da maganaɗisu kafin a zuba a wuta.

11. Karyawa, ƙirgawa da rubutawa

Yanko siririn sanda daga kowane samfuri, ka yi masa tsaga da zarto zuwa kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ka matse a bayis, ka rufa tsumma, ka buga da guduma. Karayar da ta yi toka-toka marar sheƙi, da alamar miƙewa, ta lafiyayyen ƙarfe ce. Wadda ta yi ƙyalƙyali kuwa iri biyu ce: ko ta ratsa cikin ƙwayoyi, ko ta bi iyaka. Ido ba ya raba su da tabbaci. Yanka ɓangare ɗaya a gicciyen karayar, ka dasa, ka goge, ka sa asid, ka duba bakin. In layin karayar yana kwana tare da iyakoki, da ƙananan rassa suna shiga tsakanin ƙwayoyi, iyakar ce ta saki.

Auna girman ƙwaya ma, domin adadin datti ɗaya ya fi cunkushewa a ƙarfe mai manyan ƙwayoyi, tunda iyakokinsa kaɗan ne. Ɗora kyamarar waya a kan idon maikiroskof ka ɗauki hoto, sannan ka ɗauki na rular ƙarfe a ninki ɗaya don ka san tsawon milimita 1 a hoton. Ja layi, ƙirga iyakokin da ya ratsa. Layin milimita 1 da ya ratsa iyaka 40 yana nufin maikiron 25. Yi haka a wurare 5 daban-daban ka ɗauki matsakaici.

A ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta lambar samfuri, inda aka yanko shi, fuskar yanka, irin asid, daƙiƙu nawa, da ninki nawa. A rahoto ka raba abin da ka gani da abin da kake zato: "karaya ta bi iyaka" gani ne, "fosforos ne ya jawo" zato ne har sai an auna. Don awon sinadaran da ke cikin ƙarfen, akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos. Ka kai musu guntun da asid bai taɓa ba, daga samfurin da ya lalace da kuma lafiyayyen, kowanne a ƙunshinsa da lambarsa, kuma ka tambayi tun farko waɗanne sinadarai na'urarsu take iya kamawa, domin kabon da farar wuta da fosforos ba kowace na'ura ke auna su ba.